Yadda Ake Gina Wasan Dandamali Mai Waƙa Irin na Broadway a Shekarun Tashensa

A daren 31 ga Maris, 1943, da aka ɗaga labule a gidan wasa na St. James da ke birnin Niyok, abin da 'yan kallo suka fara gani shi ne wata dattijuwa zaune ita kaɗai a ƙofar gida tana kaɗa nono. Ba a fito da jerin 'yan mata masu rawa ba, alhali da su aka saba buɗe wasa mai waƙa a lokacin. Sai aka jiyo muryar wani kaboyi daga bayan fage yana rera waƙar safiya, yana tafe har ya bayyana. Wasan Oklahoma! ke nan, na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein, wanda aka yi sau 2,212 a jere. Daga wannan dare zuwa 1964, shekarar da Fiddler on the Roof ya fito, an samu tsarin gini da marubutan Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa ta Niyok, suka riƙa bi, kuma ana iya koyonsa daki-daki.

Wanda ya saba da finafinan Indiya ko na Hausa ya san irin waƙar da ake dakatar da labari saboda ita, a sauya kaya, a taka rawa, a dawo inda aka tsaya. Haka yawancin wasannin Broadway suke a shekarun 1920 da 1930. Abin da aka sauya shi ne aka ɗora wa waƙa aiki. Ga yadda za ka gwada naka rubutun: cire waƙar, ka karanta labarin ba ita. Idan bai yi ɗingishi ba, waƙar zaman banza take yi, komai daɗinta.

Labari tukuna

Kusan duk manyan wasannin wannan zamani daga wani rubutu aka ciro su. Oklahoma! daga wasan Lynn Riggs na 1931 ne. Carousel na 1945 daga Liliom na Ferenc Molnár, aka ɗauke labarin daga Budapest aka mai da shi gaɓar tekun Maine. South Pacific na 1949 daga gajerun labaran James Michener, My Fair Lady na 1956 kuma daga Pygmalion na Bernard Shaw. Dalilin a fili yake. Waƙa da rawa suna cinye kusan rabin lokacin wasa, don haka zancen baki ba shi da filin da zai yi ta lalube. Labarin da an riga an san ƙashin bayansa ya fi sauƙin ragewa.

In ka zaɓi labari, nemi abubuwan da marubucin farko ya bari suka faru a bayan fage, ka fito da su fili, don galibi a nan waƙoƙi suke ɓoye. A wasan Shaw ba a nuna darussan koyon lafazi da Eliza, mai sayar da fure, ta sha a hannun Farfesa Higgins ba, ba a kuma nuna daren liyafar da ta ci jarrabawa ba. Alan Jay Lerner da Frederick Loewe sun bi sawun fim ɗin 1938 suka nuna su, kuma daga darussan nan ne aka samu waƙar murnar da take ɓarkewa a daren da harshenta ya faɗa daidai.

Kafin a rubuta baiti ko ɗaya, sai a amsa tambayar da darakta Jerome Robbins ya dinga yi wa marubutan Fiddler on the Roof har ya gundure su: wasan nan a kan me yake? Suna ce masa labarin wani mai sayar da madara ne da 'ya'yansa mata biyar, yana cewa ba wannan yake tambaya ba. Sai da suka kai ga cewa labarin rushewar al'ada ne, sannan aka rubuta waƙar buɗewa a kan al'ada, kowace fitowa kuma aka auna ta da wannan ma'auni.

A tanadi masoya kashi biyu. Na farko su ne ke ɗauke da nauyin labari. Na biyu suna ba na farko damar hutawa da sauya kaya, suna kuma kawo kishiyar yanayi. A Oklahoma! Ado Annie da Will Parker ne masu ban dariya. A South Pacific an juya abin: Laftanar Cable da Liat su ne labarinsu ya ƙare da mutuwa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a bar masoya na biyu suna nasu wasan daban. Dole matsalarsu ta zama wata fuska ta matsalar manyan. Cable ya kasa auren Liat saboda launin fata, wanda shi ne dai abin da ya hana jaruma Nellie karɓar 'ya'yan masoyinta Emile da farko.

Rabon lokaci

A wancan zamani ana ɗaga labule da ƙarfe 8:30 na dare, a tashi wajen 11. Kashi biyu ne, da hutun minti 15 a tsakani. Kashi na ɗaya yakan kai awa ɗaya da rabi, na biyu kada ya wuce awa ɗaya, in ya gaza haka ma ya fi. Sababbin waƙoƙi a farko ake jibge su. Oklahoma! yana da goma a kashi na ɗaya, uku kacal a na biyu, sauran duk maimaici ne na waɗanda aka riga aka ji. Bayan hutu kunnen ɗan kallo ya gaji da karɓar baƙon kari, amma yana marhabin da wanda ya sani, musamman in ma'anarsa ta sauya.

Inda kowace waƙa take zama

Ana farawa da kiɗan share fage, minti huɗu zuwa shida, makaɗa su kaɗai labule a rufe, suna ɗanɗana wa jama'a karin waƙoƙin da ke tafe. Ba dole ba ne. Carousel ya jefar da shi, ya buɗe da fitowar da ba magana ko ɗaya, kiɗa na tashi ana ganin yadda Billy da Julie suka fara haɗa ido a wurin lilo.

Waƙar buɗewa ita ce mafi haɗari a wasan duka, domin a nan ake sanar da ɗan kallo irin daren da zai yi. A 1962, lokacin da ake gwada A Funny Thing Happened on the Way to the Forum a Washinton, wasan barkwanci ne tsantsa amma mutane ba sa dariya. Aka kira Robbins ya kalla, ya ce laifin na waƙar farko ne: lallausar waƙar soyayya ce, ta sa mutane sun gyara zama suna jiran labarin soyayya. Stephen Sondheim ya rubuta wata wadda take faɗa ƙarara cewa daren nan na raha ne. Ragowar wasan kusan yadda yake aka bar shi, dariya ta dawo. Saboda haka in fitowa ta uku ko ta huɗu ba ta aiki, kafin ka taɓa ta, koma ka duba minti biyar na farko.

Cikin minti 15 zuwa 20 na farko, jarumi ko jaruma su faɗi burinsu a waƙa. Burin ya zama ƙarami, wanda ido zai iya gani. Eliza ba arziki ta roƙa ba: ɗaki mai ɗumi, kujera babba, da alewa. Ƙanƙantar burin ce take sa ɗan kallo ya kama ta da hannu biyu. In aka tsallake wannan waƙa, jarumi yakan zama baƙo har a tashi. A West Side Story, ana cikin bita aka lura jarumin, Tony, yana shigowa ba ƙarfi in an gwada shi da 'yan daban da suka buɗe wasan da rawa, sai Leonard Bernstein da Sondheim suka rubuta masa "Something's Coming", waƙar saurayin da jikinsa ke ba shi wani abu na tafe.

Sai waƙar soyayya ta farko, inda sababbin marubuta suka fi faɗawa rami. In masoya suka furta so a minti na 25, me za a kalla sauran awa biyu? Dabarar Hammerstein ita ce soyayya mai sharaɗi. Tun a Show Boat na 1927 ya sa masoya suka ce bari mu yi kamar muna son juna. A Oklahoma! suna gargaɗin juna ne kada mutane su ɗauka soyayya suke. A Carousel kowannensu yana faɗin yadda zai kasance da a ce yana son ɗayan. Ɗan kallo ya gane, su ba su amsa ba, labari yana da sauran tafiya.

Wannan fitowa ta Carousel, wadda ake kira ta benci, ta cancanci a zauna a nazarce ta da agogo a hannu. Kusan minti 12 ce, mutum biyu a kan benci ɗaya. Magana tana shiga waƙa, waƙa tana komawa magana, kiɗa bai tsaya a ƙarƙashinsu ba. Ba wurin da za ka nuna da yatsa ka ce nan aka fara waƙa. Yadda ake yin haka: makaɗa su shigo a hankali tun ana zancen baki, jimla biyu ko uku kafin baitin farko, ɗan wasa ya fara daidaita maganarsa da bugun kiɗan, layin farko na waƙar ya zama amsar abin da aka faɗa yanzun nan, da kalmomi irin na hira. In ɗan wasa ya yi shiru, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya jira makaɗa su ba shi hanya, ɗinkin ya fito fili, an koma tsohon yayi.

Kashi na ɗaya ya rufe da abin da zai hana mutum tafiya gida lokacin hutu. West Side Story ya rufe da gawa biyu a ƙasa. Gypsy na 1959 ya rufe da Rose tana waƙar cin nasara bayan 'yarta ta gudu ta bar ta, waɗanda ke tsaye kusa da ita suna kallonta cikin firgici. Kashi na biyu kuma a buɗe shi da waƙar taro mai sauƙi, wadda ba ta ɗauke da muhimmin labari, domin rabin jama'a suna neman kujerunsu. Rigimar manoma da makiyaya a wurin biki ita ta buɗe na Oklahoma!

Dab da ƙarshe akwai wadda ake kira waƙar ƙarfe 11, saboda lokacin da takan faɗo. Ko dai ta tashi ɗaki da sowa, kamar waƙar tuban ɗan caca a Guys and Dolls na 1950, ko ta zama inda babban jarumi ya fuskanci kansa, kamar "Rose's Turn" ta Gypsy. Bayanta kada a ja zance. Minti biyar zuwa goma a sauke labule.

Jikin waƙa

Ma'aunin da aka fi amfani da shi awo 32 ne, kowane awo bugu huɗu, an raba shi gida huɗu na awo takwas-takwas. Gida na ɗaya kari ne, na biyu maimaicinsa da sababbin kalmomi, na uku wani kari dabam wanda ake ɗauka gada, na huɗu a dawo na farko. In ana bugu 120 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 64 ne. In waƙar mai sanyi ce a bugu 80, minti ɗaya da daƙiƙa 36. Kafin wannan akan sa 'yar gabatarwa mai kama da magana, ita ce matakalar da ake hawa daga hira zuwa waƙa. Amfanin wannan tsari shi ne ɗan kallo yana jin babban karin sau uku a zama ɗaya, ya fita yana gunguninsa.

Amma maimaicin kari ba izinin maimaita tunani ba ne. A gida na uku mai waƙa ya hango wani abu da bai gani ba, ya dawo gida na huɗu da sauyi a zuciya. Waƙar Billy shi kaɗai a Carousel ta fasa ma'aunin gaba ɗaya, ta haura minti bakwai: ya fara da alfaharin zai haifi ɗa namiji, tsakiya ya tuna ana iya haifar mace, ya ƙare da ƙudurin samo kuɗi ko ta sata. Duk abin da ya biyo baya a wasan daga wannan ƙuduri ya fito.

Rodgers, lokacin da yake aiki da Lorenz Hart, kiɗa yake fara yi a ɗora kalmomi. Da Hammerstein suka juya, kalmomi suka riga. Ga mai koyo wannan ta biyun ta fi, don tana tilasta waƙa ta fito daga bakin mai ita. Kowane hali da kalmominsa: mai sayar da fure a titi ba za ta yi ƙafiya irin ta farfesa ba. Sondheim da kansa ya sha sukar baitocin da ya sa wa Maria, jarumar West Side Story, a "I Feel Pretty", yana ganin sun fi ƙarfin yarinyar da ba ta daɗe da fara Turanci ba. A kuma kula da wasalin da dogon sauti zai sauka a kansa. Buɗaɗɗen wasali irin "a" ko "o" shi mawaƙi ke iya ja da ƙarfi. In ka ɗora sauti mafi tsawo a kan "i" ko gaɓa mai rufaffen baƙi, murya za ta matse.

Ƙarshen waƙa ya zama da rufi bayyananne, bugu ɗaya mai ƙarfi da ke gaya wa jama'a su tafa. Da farko "Rose's Turn" ba ta da shi, don marubutan suna ganin mace mai fita hayyacinta ba a tafa mata. Hammerstein ya kalli wasan a Philadelphia ya ba Sondheim shawara a sa rufin: in ba a bar mutane sun tafa wa Ethel Merman, mai fitowa a matsayin Rose, ba, tafin zai tsaya musu a ƙirji, ba za su saurari fitowar ƙarshe ba. Aka sa.

Rawa

Rawa ma aikin labari take yi. Agnes de Mille ta rufe kashi na ɗaya na Oklahoma! da rawar mafarki ta kusan minti 15, inda aka ga abin da jaruma Laurey ba za ta iya faɗa da baki ba: tsoron Jud, ɗan ƙwadagon gonarsu, da kuma yadda wani ɓangare nata ke karkata gare shi. A lokacin akan ɗauki rukunin mawaƙa daban, na masu rawa daban, har manyan jarumai akan yi musu madadi a rawar mafarki. Robbins a West Side Story ya nemi matasan da za su yi duka uku, waƙa da rawa da wasa, ya kuma karɓi mako takwas na bita maimakon huɗu da aka saba. In 'yan wasanka ba su kai nan ba, gajeriyar rawa mai ma'ana ta fi doguwa. Rawar mafarki ta zama yayi bayan 1943 har aka riƙa cusa ta inda ba abin da zuciyar jarumi ke ɓoyewa, kuma irin waɗannan su ake fara yankewa a gwaji.

Murya da makaɗa

Gidajen nan suna ɗaukar mutum 1,500 ko fiye, 'yan wasa kuma a lokacin ba sa ɗaure da makirufo a jiki. Makaɗa 25 zuwa 30 ne a rami gaban dandamali; na Carousel sun kusa 40. Aikin mai raba kiɗa ga kayan kiɗa, irin Robert Russell Bennett, shi ne kada su danne murya. Ƙa'idar: lokacin da ake rera kalmomi, gogen Turawa da sarewa ne a ƙasa, a tausashe, ƙahonni da ganguna su shigo a gurbin da mawaƙi ke jan numfashi, da wurin rawa, da rufi. In jama'a suka ce ba sa jin baiti, kafin a ce mawaƙi ya ƙara ƙarfi, a rage masu busa.

A rubuta wa muryar da ake da ita. Gertrude Lawrence a The King and I na 1951 muryarta ba ta da faɗi, Rodgers ya tsare waƙoƙinta a tsaka-tsaki ya ba ƙananan masoya masu tashi sama. Rex Harrison, mai fitowa a matsayin Higgins a My Fair Lady, ba mawaƙi ba ne, Loewe ya yi masa waƙoƙin da ake faɗa bisa bugu. A South Pacific Mary Martin ta ji tsoron gwada murya da Ezio Pinza, mawaƙin opera, sai aka sa su rera tunaninsu bi da bi maimakon tare, wanda ya dace da mutum biyu masu jin nauyin juna.

Labulen gaba

Kayan fage na lokacin da hannu ake turawa. Don kada a bar jama'a cikin duhu, akan ja wani labule taku kaɗan daga bakin dandamali, mutum biyu ko uku su yi waƙar minti uku a gabansa, ma'aikata na sauya ɗaki a baya. Waƙar 'yan daba biyu a kan Shakespeare a Kiss Me, Kate na 1948 wannan aikin take yi. Tun a takarda ka jera fitowarka: babba, ta gaban labule, babba. In manya biyu suka biyo juna, za ka sami minti biyu na shiru da ƙarar katako.

Gwaji a wajen gari

A wancan zamani ba a cika buɗe wasa a Niyok kai tsaye ba. Akan kai shi New Haven, gidan Shubert, 'yan kwanaki, sannan Boston ko Philadelphia mako biyu ko fiye. Da dare a yi wasa, bayan an tashi marubuta su koma otal su gyara, da rana a yi bitar gyaran, wani lokaci a sa shi a daren. Marubuci ya tsaya a bayan ɗaki ya kalli ƙeyar mutane. Tari, motsin kujera da buɗe takardar shiri su ne alamar an rasa su. A rubuta minti nawa aka fara, a nemi dalilin a abin da ya gabata.

Misalin da ya fi koyarwa na My Fair Lady ne. A New Haven waƙar Freddy, saurayin da ke son Eliza, a ƙofar gidan Higgins ta wuce ba tafi, har aka yi shawarar cire ta. Lerner ya gano cewa mutane ba su gane wane ne mai waƙar ba, domin a fitowar filin sukuwa maza duk shiga ɗaya suka yi. Ya sauya gabatarwar ta yadda saurayin zai tuna abin da Eliza ta yi a filin, waƙar ta zama cikin waɗanda aka fi so. A wannan gwajin ne kuma aka yanke waƙoƙi biyu da rawa ɗaya a jere kafin liyafa, saboda sun tsayar da labari daidai lokacin da kowa ke ɗokin ganin ko Eliza za ta ci.

Oklahoma! ya isa New Haven da sunan Away We Go!, a Boston aka mai da waƙar jihar Oklahoma ta zama ta taro duka suna matsowa bakin dandamali, sunan wasan ya bi ta. The King and I ya yi tsawo ƙwarai a New Haven aka rage kusan minti 45, sannan aka ga kashi na ɗaya ya yi nauyi, aka ƙara waƙar malama da yara da wani kari da ya rage daga South Pacific. Kada a zubar da waƙar da aka cire. A adana ta. "Edelweiss" ta The Sound of Music ma a Boston aka rubuta ta a 1959, da aka ga Kyaftin von Trapp yana buƙatar yin bankwana da ƙasarsa, kuma ita ce waƙar ƙarshe da Hammerstein ya rubuta kafin rasuwarsa a Agustan 1960.

Gyara ɗaya ko biyu ake sakawa a dare, ba goma ba, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba, 'yan wasa kuma za su rikice. Kwana uku ko huɗu kafin buɗewa darakta ya daskarar da wasan: ba ƙari, ba ragi, ko da an ga aibi, don 'yan wasa su samu ya zauna musu a jiki kafin su shiga yin sa sau takwas a mako. Faifan waƙoƙin kuma a lokacin akan ɗauke shi ne ranar Lahadin farko bayan buɗewa, ranar hutun 'yan wasa, a yini ɗaya, da makaɗan da suka saba da numfashin kowane mawaƙi.